Darasin Iyaye: Yadda Ƙwaƙwalwar Jariri Ke Ginuwa

Ranar da aka haifi jariri, girman ƙwaƙwalwarsa kusan kashi ɗaya ne cikin huɗu na ta babban mutum. Kafin ya cika shekara 3, ta kai kusan kashi 80 cikin 100. Shi ya sa ma'aikatan lafiya ke yawan maganar kwanaki 1,000 na farko, wato daga ɗaukar ciki zuwa shekara 2. Abubuwa uku ne ke gina ta, kuma ana samun su ko a cikin tanti.

1. Abinci. Nonon uwa zalla har wata 6, ko ruwa ba a haɗawa. Daga nan a ƙara kunu mai kauri da gyaɗa, wake, ƙwai ko zogale, a ci gaba da shayarwa har shekara 2. A riƙa girki da gishiri mai sinadarin aidin.

2. Hira da wasa. Sabon jariri yana ganin abin da ke kusa ne kawai, kamar tazarar fuskarki lokacin shayarwa. Ki dube shi, ki kira sunansa. In ya yi gwaranci, ki amsa masa, ki dakata ya mayar miki. Wannan musayar ce ke haɗa jijiyoyin ƙwaƙwalwa da juna. Wajen wata 8 zuwa 9 yakan fara gane cewa abin da aka ɓoye yana nan. Ki rufe cokali da zane, ki bar shi ya nemo. Uba, kaka da yayye duk suna da rabo a wannan aiki.

3. Kwanciyar hankali. Jariri yana jin tsoron da ke jikin wanda ya goya shi, kuma firgici mai daɗewa yana rage masa koyo. Goyo, rarrashi da waƙa su ke kwantar da shi. In kukansa ya ishe ki, ki miƙa shi ga maƙwabciya ki huta. Kada a girgiza jariri da ƙarfi, domin yana iya jawo zubar jini a ƙwaƙwalwa.

A kai yaro asibitin sansani idan ba ya waiwayar ƙara, ko ya kai wata 9 bai zauna ba, ko ya daina abin da ya riga ya iya. Uwar da baƙin ciki ya hana barci ko cin abinci, ita ma ta je. Neman taimako ba abin kunya ba ne.