Yadda Ake Canza Man Aksil ɗin Gaba a Gida

Mai mota ba ya manta baƙin man inji, amma man da ke cikin difaranshal ɗin gaba, wato aksil, sai mota ta shekara goma ba a leƙa shi ba. Ba a tuna shi sai ƙasan mota ya fara kuka idan an taka ta a kan titi, lokacin kuwa haƙoran giya sun riga sun ci juna. Aksil ne ke ba tayar waje damar fin ta ciki gudu idan ana shan kwana, kuma haƙoransa na goga juna da ƙarfin da man inji ba zai iya ɗauka ba. Shi ya sa yake da nasa man mai kauri.

Kafin ka sayi komai, tabbatar motarka tana da abin da kake shirin canzawa. Ba kowace mota mai jan ƙafa huɗu ce ke da man aksil ɗin gaba daban ba. A RAV4 da Highlander da Honda CR-V, injin a gicciye yake, difaranshal ɗin gaba yana cikin akwatin giya, mai ɗaya suke sha. Prado da Hilux da Land Cruiser kuwa aksil ɗinsu na gaba zaman kansa yake, da noti biyu: na zuba mai a gefe, na zubarwa a ƙasa. Da Prado zan yi misali, tunda ita kullum ƙafafunta huɗu ke ja. Subaru mai giyar otomatik ma tana da nata man daban, sai dai notin zubar da shi yana kusa da na man giya, kuma ba mutane kaɗan ba ne suka kwance wanda bai dace ba, suka bar giya ba mai, suka cika aksil har ya yi ambaliya. Mai Subaru ya duba littafin motarsa da kyau kafin ya ɗora sifana.

Man da ake so shi ne mai lambar GL-5. Kaurinsa ya danganta da shekarar motar: sababbin Prado 75W-85 kamfanin Toyota ya rubuta musu, tsofaffin kuma 75W-90 ko 80W-90. GL-4 na akwatin giyar hannu ne, bai kai ƙarfin da haƙoran aksil ke buƙata ba, kada mai shago ya ce maka duk ɗaya ne. Aksil ɗin gaban Prado yana shan wajen lita ɗaya da rabi, don haka sayi lita biyu, a rufe da hatiminsa. Man da ake aunawa a gorar ruwa a bakin titi ba na wannan aikin ba ne. Haɗa da sababbin washa biyu na notocin, ana samunsu a Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna, da alanki mai milimita 10, da ƙaramin famfon hannu mai tiyo, da roba mai faɗin baki, da tsumma.

Zaga unguwa da motar kamar minti goma domin man ya yi ɗumi ya saki jiki. Sai ka ajiye ta a daɓe mai daidai, ka ja birkin hannu, ka sa waigi a tayoyin baya. Prado tana da tsawo, mutum marar teɓa zai iya shiga ƙarƙashinta ba tare da an ɗaga ba. In dole sai an ɗaga, a ɗaga gaba da baya daidai, a dasa ta a kan ƙafafun ƙarfe. Jak kaɗai ba a kwanciya ƙarƙashinsa, bulo kuma yana farfashewa ba sallama. Cire farantin ƙarfen da ke kare ƙasan inji, za ka ga aksil ɗin. Goge laka da ƙura daga kewayen notocin biyu, ka sa tsinke ka ƙwaƙule ramin da alanki zai shiga.

Nan ne aikin yake, kuma nan ne ake yin asara: notin sama, na zuba mai, shi ake fara kwancewa. Hannu yana son ya tafi ga na ƙasa saboda ya fi kusa, kada ka biye masa. Notin da ya shekara da shekaru bai motsa ba yana iya ƙin fita, ko raminsa ya gulje alanki ya riƙa juyawa a banza. In ka riga ka zubar da man sannan hakan ta faru, kana da mota a tsakar gida da busasshen aksil, ba hanyar zuba sabo, ba kuma halin tuƙa ta zuwa gareji. Amma in na saman ne ya ƙi tun farko, ba abin da ka rasa, sai ka mayar da faranti ka kai wa bakanike. Don kauce wa guljewa, buga alankin da guduma a hankali har ya shige ƙarshen ramin, ka riƙe shi a miƙe, sannan ka ja da ƙarfi lokaci guda. Idan ya yi taurin kai, fesa masa man sassauta tsatsa ka ba shi lokaci.

Da na saman ya fita, sa ɗan yatsa a ramin ka ji inda tsohon man ya tsaya. In ya yi ƙasa sosai, akwai inda yake yoyo, galibi wajen robar da ke rufe bakin shaf. Yanzu tara roba mai faɗin bakin ka kwance na ƙasa. Warin zai buge ka kamar na ruɓaɓɓen ƙwai. Farar wutar da ke cikin sinadaran man ce, ba alamar lalacewa ba ce, sai dai rigar da ya taɓa ta zama ta aiki.

Yayin da yake tsiyaya, karanta abin da ya fito. A kan notin ƙasa akwai maganaɗisu. Baƙin gari mai laushi da ya manne masa ba komai ba ne, cin ƙarfe ne na yau da kullum. Ɓarɓashi mai kaifi da kake ji a yatsa, ko guntun ƙarfe, wannan sabon mai ba zai warkar da shi ba, sai an buɗe aksil. In man ya fito fari-fari ko ruwan toka mai kumfa, ruwa ya shiga. Hakan na faruwa da damina: aksil mai zafi ya tsunduma cikin ruwan sanyi, iskar cikinsa ta tsuke, sai ya zuƙo ruwa ta ƙaramin bututun numfashinsa da ke sama. Duba bututun, in laka ta toshe shi ka buɗe.

Goge maganaɗisun tas, sa sabuwar washa, ka fara ɗaura notin da yatsu kafin ka kawo ƙarfe, domin kada zaren ya hau a karkace. Masu sifanar awo su ɗaure na ƙasa a kan 65 Nm, na sama 39 Nm. Wanda ba shi da ita ya ɗaure har washa ta kwanta, ya ƙara kaɗan, ya tsaya. Ba notin taya ba ne da ake hawa da ƙafa.

Zura tiyon famfo a ramin sama ka fara bugawa. Man yana da nauyi, hannu zai gaji. Ba sandar awo a nan, ramin shi ne ma'aunin: idan man ya fara dawowa ta bakinsa, ya cika. Bar rarar ta gama ɗiga, sannan ka ɗaura notin da sabuwar washarsa. Abin da ya sa aka ce motar ta tsaya daidai ke nan, don in ta karkata, ko dai ka cika fiye da kima ko ka bar shi da yunwa.

Goge wurin ya bushe, ka ɗan zaga, ka dawo ka leƙa ko akwai danshi kafin ka mayar da faranti. Tsohon man a juye shi a jarka a kai gareji, kada ya shiga kwata ko kusa da rijiya. Rubuta kilomitar da motar take kai a ranar. Ga wadda ke bin hanyar ƙasa, ko jan kaya, canji na gaba ya zo tsakanin kilomita 40,000 zuwa 50,000. In ta ratsa ruwan da ya kai tsakiyar taya kuwa, ba a jiran lissafi, a buɗe notin sama a duba a makon.