DARASI: DUKIYAR KOWA, WA KE TSARON TA?

A ƙasar Matazu akwai abin da yake na mutum ɗaya, kamar gona da rumbu. Akwai kuma na jama'a duka, kamar burtali da makiyaya da tafki da daji. Gona tana da mai ita, shi ya sa ake kai mata taki. Burtali kuwa kowa na mora, ba mai gyara. Wannan ya ci kunya biyu, wancan ya ci uku. Kwana a tashi shanu su rasa hanya, su faɗa cikin dawa. Daga nan sai rigima.

Abin da doka ta ce

A 1965 Gwamnatin Jihar Arewa ta yi dokar keɓe wuraren kiwo. A 1978 aka yi Dokar Amfani da Ƙasa. Ta ce ƙasar jiha amana ce a hannun gwamna. A karkara kuma ƙaramar hukuma ce ke ba da izinin riƙe fili don noma ko kiwo. Amma doka a takarda ba ta gadin daji. Sai mutanen wurin sun ɗauke shi nasu.

Misali daga Maraɗi

A Nijar, tun zamanin Faransa, itatuwa na hukuma ne. Manomi ya sare itacen gonarsa, sai ma'aikatan gandun daji su ci shi tara. Don haka ba ya barin toho ya girma. Bayan yunwar 1984 manoman Maraɗi suka soma barin tohon kututture suna yi masa aski. Hukuma ta sassauta. A 2004 dokar daji ta ƙarfafa haƙƙin manomi kan itacen gonarsa. An kiyasta itatuwa miliyan 200 sun tashi a hekta miliyan 5. Da yawansu gawo ne, mai zubar da ganye da damina ya zama taki.

Sharuɗɗa huɗu

Wata masaniya 'yar Amurka, Elinor Ostrom, ta yi nazarin dukiyar tarayya a ƙasashe da dama. Ta sami lambar yabo ta Nobel a 2009. Ga wasu abubuwan da ta gano suna sa irin wannan dukiya ta ɗore:

1. A san iyaka, a san masu haƙƙi.
2. Masu amfani da wurin su sa baki wajen yin doka.
3. A sa masu gadi daga cikin jama'a.
4. Tara ta fara kaɗan, ta ƙaru ga mai maimaita laifi.

Kafin ruwan shuka, ya kamata dagaci da masu unguwa da arɗo da manoma su zaga burtali tare. A kafa alama, a rubuta yarjejeniya, a kai kwafi ƙaramar hukuma. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Tambayoyi

1. Me ya sa manoman Maraɗi suka soma renon itatuwa?
2. Wace dukiya ce ta kowa a ƙauyenku? Wa ke kula da ita?