Filin Shawarwari: Hoton Giwa Babu Daji

Tambaya

 Marubucin wannan wasiƙa ya tara kuɗi ya sayi dogon gilashin kyamara mai milimita 400 domin ɗaukar namun daji a Yankari ta Jihar Bauchi, amma da ya dawo sai ya tarar giwa da gwaggon biri sun fito tar, alhali itatuwa da bakin kogin Gaji da ke bayansu sun zama dishi-dishi. Abin da ya fi yi masa ciwo shi ne abokan sana'arsa sun ce a gidan zu ya ɗauko hotunan, tunda babu alamar daji a cikinsu, kuma har yau suna nanata maganar. Shin an sayar masa da jabun gilashi ne?

Amsa

Malam mai tambaya bai ambaci lambar da ya saita kyamararsa a kai ba, balle lokacin da ya fita, wanda ke nuna ya bar na'ura ta yi masa zaɓi, kuma wannan sakaci ne da bai dace da mai sana'a ba. Gilashinsa lafiya lau yake, aikin da aka ƙera shi dominsa ya yi.

Abin da ke gabansa shi ne zurfin gani, wato tazarar da ke fitowa tar a gaba da bayan abin da aka auna, wadda abubuwa uku ke ƙayyadewa: faɗin ƙofar haske, tsawon gilashi, da nisan dabba. Ƙofar haske rami ne a cikin gilashi da ake aunawa da lambar f, kuma gwargwadon girman lambar, gwargwadon ƙanƙantar ramin da ƙaruwar zurfin. A kyamarar ƙwararru, gilashin milimita 400 a kan f/5.6, idan giwa na nisan mita 30, zurfinsa bai wuce kimanin mita 2 ba. Komawa f/11 zai ninka shi ne kawai, ya kuma rage haske zuwa kashi ɗaya cikin huɗu. Amma milimita 100 a kan f/8, daga wannan nisan, zai fito da komai daga kusan mita 17 har ya zarce 100.

Akwai kuma dusashewar da babu saitin da ke maganinta, wato kawalwalniyar zafin rana da hazon hunturu, waɗanda dogon gilashi ke ƙara bayyanawa, shi ya sa fitar asuba ta zama wajibi.

Tambayar da ta kamaci Malam ita ce: fuskar dabba yake nema, ko dabba a mazauninta? Idan na biyun ne, ya ajiye dogon gilashin, ya ɗauki gajere, ya saita kyamararsa da hannunsa kafin motar zagaye ta tashi.