Manhajar Kwaikwayo: Kammalalliyar Fitowa Ko Ta Gwaji?

Gabatarwa

Kowace na'ura mai ƙwaƙwalwa tana da harshen da take ji. Umurnin da aka rubuta domin na'urar wasa ta GameCube, alal misali, ba ya aiki a kan kwamfutar tebur, saboda ƙwaƙwalwar da ke cikinsu ba iri ɗaya ba ce. Manhajar kwaikwayo ita ce take shiga tsakani kamar tafinta: tana karɓar umurnin waccan na'ura, ta juya shi zuwa wanda kwamfuta take fahimta. Wannan dabara ta daɗe. Tun a 1964, lokacin da kamfanin IBM ya gabatar da kwamfutocinsa na System/360, ya tanadi hanyar da wasunsu za su kwaikwayi tsohuwar kwamfutar 1401, don kada ayyukan da aka rubuta mata su salwanta. Daga baya aka sami MAME a 1997, da DOSBox a 2002, da Dolphin a 2003.

Wanda ya je neman irin wannan manhaja yakan tarar da ita kashi biyu: kammalalliya, wadda ake girkawa, da kuma ta gwaji, wadda ake kan ginawa. Wannan darasi zai bayyana bambancinsu da yadda ake zaɓe a tsakaninsu.

Kammalalliyar fitowa

Wannan ita ce wadda masu aikin suka dakata, suka gwada ta, suka ba ta lamba, sannan suka fitar. Sau da yawa takan zo da magirki, wato ƙaramar manhajar da ke ajiye kowane fayil a mazauninsa, ta kafa alamar buɗewa a fuskar kwamfuta, ta kuma bar hanyar cirewa idan an gama. Amfaninta shi ne ba ta sauyawa. Abin da ta yi jiya shi za ta yi gobe, kuma kurakuranta sanannu ne, domin mutane da yawa sun riga sun ci karo da su. Sai dai magirki yakan nemi izinin mai kula da kwamfuta, abin da ɗalibi ba ya samu a ɗakin kwamfutar makaranta.

Fitowar gwaji

Ita kuwa wannan, na'ura ce take harhaɗa ta da kanta duk lokacin da aka karɓi sabon gyara, wani zubin sau da yawa a yini guda. Galibi takan zo a matse cikin fayil ɗaya. Sai a kwance shi a cikin jaka, a buɗe, ba tare da girkawa ba. Tana ɗauke da sababbin gyare-gyare, amma ba a tsaya an gwada ta sosai ba. Gyaran da ya warkar da wasa ɗaya yana iya lalata wani wanda a da yake aiki lafiya. Wannan shi ake kira koma-baya, kuma shi ne babban haɗarinta.

Abin da tarihin Dolphin ya koyar

Hausawa na cewa da tsohuwar zuma ake magani, kuma mutane da yawa sun ɗauka kammalalliyar fitowa ita ce mafi alheri a kowane hali. Tarihin Dolphin, wadda take kwaikwayon GameCube da Wii, ya nuna cewa maganar tana da sharaɗi. An fitar da Dolphin 5.0 a watan Yuni na 2016, kuma aka shafe shekara takwas ba a sake fitar da kammalalliya ba. Amma aiki bai tsaya ba. Kowace fitowar gwaji tana ɗauke da lambar da ke nuna yawan gyare-gyaren da aka yi bayan 5.0, kuma lambar nan sai da ta haura 20,000. A cikinsu har da wani muhimmin gyara na 2017, wanda ya magance cijewar da hoto yake yi a tsakiyar wasa. Duk wanda ya nace wa 5.0 bai amfana da ko ɗaya daga cikinsu ba, har ta kai masu aikin da kansu suna ba jama'a shawarar su bar ta. A watan Yuli na 2024 suka sauya tsari, suka fitar da 2407, lambar da ke nufin shekarar da watan fitowarta.

Haka PCSX2, mai kwaikwayon PlayStation 2, ta yi shekara huɗu tsakanin fitowar 1.6 a 2020 da ta 2.0 a 2024. MAME kuwa kusan kowane wata take fitar da sabuwa, don haka mai amfani da ita ba shi da wata buƙatar ta gwaji. Ke nan, kafin a dubi sunan fitowa, sai a dubi ranar da ta fito.

Yadda ake zaɓe

1. A duba shekarun kammalalliyar. Idan ba ta daɗe ba, a fara da ita. Idan ta yi shekaru alhali aiki yana ci gaba, ta gwaji ta fi cancanta.

2. A duba aikin da za a yi. Malamin da zai nuna wa aji yadda ake aiki da tsohon tsarin DOS yana buƙatar duk kwamfutocin ɗakin su yi abu ɗaya. Ya zaɓi fitowa guda, ya gwada ta kafin ranar darasi, kada ya sauya ta sai zango ya ƙare.

3. Kada a sauya abin da yake aiki don marmari kawai. A koma ta gwaji idan akwai matsalar da aka tabbatar an gyara a cikinta.

4. A kiyaye ajiya. Ajiya iri biyu ce: wadda wasan yake yi da kansa, kamar a katin ajiyar na'urar asali, da wadda manhajar take yi ta hanyar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwar na'urar gaba ɗaya. Ta farko takan bi mutum daga fitowa zuwa fitowa. Ta biyu sau da yawa ba ta buɗuwa a sabuwar fitowa. A kwafe su a wani wuri kafin kowane sauyi.

5. Ana iya riƙe biyun. A Dolphin, idan aka sanya fayil maras komai mai suna portable.txt a jakar manhajar, za ta ajiye saitinta a nan, ba za ta taɓa na ɗayar ba.

6. A ɗauko manhajar daga wurin masu ita kawai, domin akan cusa ƙwayar cuta a cikin magirkin jabu.

Gano inda aka lalata

Fitowar gwaji tana da wani amfani ga ɗalibin kimiyya. A ɗauka wasa yana aiki a wata fitowa, amma bayan fitowa 1,000 ya daina. Ba sai an gwada dukansu ba. A gwada ta 500: idan tana aiki, laifin yana gaba, idan ba ta aiki, yana baya. Kowane gwaji yana zubar da rabin abin da ya rage, kuma da yake 2 sau kanta har sau 10 tana ba da 1,024, gwaji 10 ya isa a kama gyaran da ya jawo matsalar. Rahoto mai ɗauke da wannan lamba shi ne mafi amfani ga masu gyara.

Kammalawa

Kammalalliyar fitowa ta dace da mai son aiki ya tafi ba sauyi, muddin ba ta tsufa ba. Ta gwaji ta dace da mai neman wani gyara, wanda kuma zai iya jure koma-baya. Ko wacce aka zaɓa, a rubuta lambarta, a adana ajiya.

Aikin aji: idan fitowa 4,000 ce tsakanin mai aiki da maras aiki, gwaji nawa ake buƙata?