Yadda ake miƙar da kartar da ta tanƙware

Tanƙwararriyar karta ba ta riƙe sirri. Idan kati ɗaya ya lanƙwashe daban da 'yan uwansa, abokin wasa mai ido zai gane shi tun yana kife a kan tabarma, wasan kuwa ya lalace ke nan. Shi ya sa masu wasan rufa ido da karta, da gidajen da ke buga Whot da yamma, suke damuwa da abin da wani zai ɗauka ƙaramin lamari ne.

Kafin gyara, sai an san abin da ke kawo matsalar. Karta mai kyau, irin Bicycle da kamfanin United States Playing Card Company na Amurka ke bugawa tun 1885, takarda biyu ce aka manne da baƙin gam a tsakiya don kada haske ya ratsa, sannan aka shafe fuska da baya da wani siririn fenti mai santsi. Takarda kuwa zaren itace ce, tana shan danshi tana kumbura, tana bushewa tana tsukewa. Idan ɓangare ɗaya ya sha laima fiye da ɗayan, dole katin ya karkata. Abin da ke samun ƙofar katako ke nan a damina, ta kumbura ta ƙi rufuwa, hunturu ya zo ta saki. A Kano ko Zinder, inda danshin iska kan faɗi ƙasa da kashi 20 cikin ɗari a hunturu, ya haura 70 a watan Agusta, karta tana shan wannan wahala sau biyu a shekara. Sauran ɓarnar daga hannu take: gumi, maiƙon abinci, da cakuɗawa ta fuska ɗaya kullum.

Mai gyara yana farawa da dubawa. Katin da aka naɗe har layi ya fito a jikinsa ya riga ya tafi, domin zarensa ya karye, babu nauyin da zai ɗinke shi. Wanda ya yi doro kawai shi ne ke da magani.

Idan kartar ta yi laushi a hannu, danshi ne. Sai a baza katunan ɗai-ɗai a kan busasshen tebur cikin ɗaki, a bar su sa'o'i kaɗan su sha iska. Ba a kai su rana. Rana tana busar da fuskar da ke kallonta ta bar ta ƙasa da laima, doron ya ƙaru.

Bayan nan sai a haɗa su, a riƙe da hannu biyu, a lanƙwasa su a hankali zuwa kishiyar inda suka karkata, a saki, a maimaita. Yawancin ƙaramar tanƙwara a nan take ƙarewa. Idan ta ƙi, akwai dabarar da masu rufa ido suka daɗe da sani, kuma ita ce mafi amfani a duk aikin: a raba kartar gida biyu, 26 nan 26 can, a juya rabi ya kalli sama, a saƙa su cikin juna, kife da buɗe, kife da buɗe. Doron wannan yana danne doron wancan. A daidaita gefunan sosai, domin katin da ya leƙo waje zai fito da sabon lahani. Sai a sa su tsakanin katako biyu masu sumul, a ɗora manyan littattafai ko bulo a kai, a ƙyale su kwana biyu ko uku. Masu gaggawa sukan ɗaga nauyin bayan awa ɗaya su ce dabarar ba ta aiki. Zaren takarda ba ya sauya zama da sauri haka.

Wannan ba sabon ilimi ba ne. A Turai, a ƙarni na 19, gidaje da yawa suna da ɗan matsin katako mai dunƙulen murɗawa, wanda ake ɗaure karta a ciki bayan wasa. A yau masu rufa ido suna yawo da matsin ƙarfe mai shiga aljihu, wanda aka fi sani da sunan maƙerinsa Joe Porper.

Dutsen guga fa? Ana yawan ba da shawararsa, amma ɓarnarsa ta fi amfaninsa. Zafi yana narkar da fentin nan mai santsi, katin ya miƙe amma ya daina zamewa. Sa karta a firji ma haka: ana fito da ita raɓa ta sauka a kanta.

Kartar roba, irin Kem ko Copag ta Brazil, ba ta shan ruwa. Ana wanke ta da ruwan sanyi da ɗan sabulu, a goge, a danne. Zafi ne maƙiyinta, kuma wadda ta tanƙware a cikin mota da tsakar rana da wuya ta dawo daidai.

Rigakafin bai da tsada. A mayar da karta cikin kwalinta bayan kowane wasa, har da joka biyun, don ta cika kwalin ta zauna a matse, a kwantar da shi a kwance. Kada a bar ta a aljihun wando inda gumi ke ratsa ta, ko a kan siminti mai laima. A damina, a sa kwalin cikin leda mai zif tare da ɗan ƙunshin nan mai tsotse danshi da ake samu a kwalin sabon takalmi. Mai cakuɗawa ya riƙa juya kartar, yau a kife gobe a buɗe. Gidan da ke wasa kullum ya ajiye kwali biyu, ɗaya yana hannu ɗaya yana hutawa ƙarƙashin littafi.