Kafin ka sayi kifi don ya cinye maka dodon koɗi

Duk wanda ke sana'ar haɗa tankin kifin ado da kula da shi ya san wannan tambaya, domin kusan kowane mai tanki sai ya yi ta wata rana: dodon koɗi ya cika mini gilashi, wane kifi zan saya ya cinye shi? Amsar da aka saba bayarwa a shago tana da daɗin ji, wato ga kifi nan, ka sa shi, nan da mako biyu ka huta. Ni dai, bisa abin da aikin nan ke nunawa da abin da masana halittun ruwa suka tabbatar, ina ganin yawancin masu wannan tambaya ba kifi suke bukata ba. Yawan dodon koɗi a tanki yana bin yawan abincin da ke zube a cikinsa ne, kuma kifin da aka kawo domin farauta rai ne mai nasa bukatun, waɗanda sau da yawa sun fi ƙarfin tankin da aka jefa shi. Idan aka saye shi a matsayin magani, dattin da ya tara katantanwar yana nan inda yake, ga kuma kifi yana shan wahala.

Sai an san yadda waɗannan halittu ke shigowa da yadda suke yaɗuwa kafin a gane dalili. Ba mai sayensu. Suna zuwa ne a maƙale da tsirran ruwa, ko cikin tsakuwar da aka ɗebo daga wani tanki, galibi suna ƙwai, wani ɗan dunƙule mai yauƙi garau da ido ba ya saurin kamawa a bayan ganye. Iri uku ne suka fi damun mutane. Akwai ƙarami mai siririn ɓawo da masana ke kira Physella acuta, wanda kowane ɗaya ke ɗauke da gaɓoɓin namiji da na mace, har yana iya hayayyafa shi kaɗai. Akwai mai ɓawo a nannaɗe a kwance, na dangin Planorbidae, shi ma mata-maza ne. Sai dogo mai tsini, Melanoides tuberculata, wanda macensa ke haihuwa ba tare da namiji ba, kuma 'ya'ya take fitarwa da ɓawonsu. Yana yini a binne cikin tsakuwa, dare ya yi ya fito. Ke nan guda ɗaya ma ya isa ya kafa zuriya. Amma iya haihuwa daban, samun abin gina jiki daban. Ƙwai da ɓawo da nama duk daga abinci ake yinsu. A tankin da ake ciyarwa daidai kima, za ka ga 'yan ƙalilan suna rarrafe a gilashi, shekara ta zagayo ba su ƙaru da wani abin kirki ba. Inda kuwa kowa a gidan ya wuce sai ya barbaɗa abinci, ragowa tana nutsewa cikin tsakuwa, ba a cire ruɓaɓɓen ganye, fitila na kunne tun safe har tsakar dare tana raya gansakuka, nan ne suke zama ɗaruruwa. Wanda ya bar hatsi a zube a ɗaki sannan ya kawo kyanwa, kyanwar za ta kama wasu ɓeraye, hatsin kuma ya ci gaba da kiran wasu. Akwai ma abin da ya fi haka: katantanwar nan ita ce ke kwashe ragowar abincin. Waɗannan iri uku ba su cika taɓa lafiyayyen ganye ba, abin da ya mutu ko ya fara ruɓewa suke bi. In aka kawar da su aka bar ciyarwar yadda take, ragowar za ta ruɓe a ruwa ta koma amoniya, gubar da ke ƙona gaɓoɓin numfashin kifi.

Yanzu a dubi kifayen da ake tallatawa. Wanda ya fi suna shi ne botiya mai zane uku, Chromobotia macracanthus, mai launin lemo da baƙaƙen ratsi, ɗan asalin kogunan Sumatira da Boniyo a Indunisiya. Ana sayar da shi yana ɗan santimita 5, kyakkyawa, mai wasa, ba wanda zai gan shi bai so shi ba. Abin da ba a cika faɗa wa mai saye ba shi ne kifin nan yana iya kaiwa santimita 30, yana iya rayuwa shekara 20, kuma kifin garke ne da ba ya sakewa sai yana cikin 'yan uwansa biyar ko shida. Garke irin wannan yana bukatar tanki mai tsawon mita ɗaya da rabi ko fiye, mai cin lita 400 zuwa sama, alhali yawancin tankunan da ke falo da ofis da wurin jiran likita ba su wuce lita 60 zuwa 100 ba. Yana son ruwa mai ɗumi, tsakanin digiri 25 zuwa 30, mai gudana, mai wadatar iska. A garuruwanmu da wuta ke ɗaukewa na sa'o'i, injin tace ruwa da na hura iska su tsaya cik, kuma ruwa ya yi sanyi da daren hunturu, wannan bukata ba ƙaramar magana ba ce. Botiya na cikin kifayen da cutar fararen ɗigo ke saurin kamawa idan ruwa ya sauya, kuma saboda ɓawon jikinsa ƙanana ne ƙwarai, magungunan cutar ma suna yi masa ƙarfi. Ɗaukar nauyin shekara 20 saboda damuwar da rage abinci zai magance cikin 'yan makonni, lissafi ne da bai fita ba.

Na biyu dangin talibamban ne, kifin nan mai kumbura ciki idan ya ji barazana. Su kam gwanayen fasa ɓawo ne na gaske, domin haƙoransu a haɗe suke sun zama faranti huɗu masu ƙarfi, kuma a yawancinsu haƙoran ba sa daina tsiro, sai cin abu mai tauri ke rage su. Wannan ya juya lissafin gaba ɗaya: wanda ya sayi talibamban don ya rabu da dodon koɗi, ranar da katantanwar ta ƙare sai ya koma kiwonta a wani bokiti don ya ciyar da shi, tunda yawancinsu ba sa kallon busasshen abincin gwangwani. Ɗaya daga cikin mafi ƙanƙantarsu, Carinotetraodon travancoricus na jihar Kerala a Indiya, bai wuce santimita 3 da ɗan abu ba, amma yana gatsa jela da fikafikan sauran kifaye har su yi rauni. Mai koren baya da baƙaƙen ɗigo, wanda ake yawan sayarwa a matsayin kifin ruwan daɗi, idan ya girma ruwa mai ɗan gishiri yake bukata. Namu na gida kuwa, Tetraodon lineatus da masunta ke kamawa a Kwara da Binuwai da Tafkin Chadi, yana wuce santimita 40, kuma mafaɗaci ne da ba a haɗa shi da kowa.

Mai musu zai ce: duk mun ji, amma ai abin yana aiki, an sa botiya katantanwa ta ɓace. Gaskiya ne tana raguwa a ido, musamman mai laushin ɓawo. Sai dai ɓacewa daga gilashi ba ta nufin ƙarewa. Dogo mai tsinin nan yana da ɓawo mai tauri da murfin da yake rufe bakinsa, yana kuma ƙarƙashin tsakuwa inda farauta ba ta cika kai masa ba. Wasu suna cikin injin tace ruwa suna ta hayayyafa, inda babu kifin da zai shiga. Sannan kifi, kamar kowace dabba, abinci mai sauƙi yake fara zaɓa, kuma a kan wannan akwai hujja mai ƙarfi daga wajen duniyar kifin ado. Akwai wani kifi na yankin Tafkin Biktoriya, Astatoreochromis alluaudi, mai niƙa katantanwa da wasu haƙora na cikin maƙogwaro. An daɗe ana sa ran zai taimaka wajen yaƙi da tsargiya, aka kai shi ƙasashe da dama, har da Kamaru. Tun a 1965 masanin kifi P. H. Greenwood ya nuna cewa wanda ya tashi a kan abinci mai laushi, wannan maniƙa tasa ba ta yin ƙarfi kamar ta wanda ya tashi a tafki yana fasa ɓawo. Da aka gwada shi a kududdufan kiwon kifi na kwarin Binuwai kusa da madatsar Lagdo a arewacin Kamaru, sakamakon da aka wallafa a farkon shekarun 1990 ya nuna bai rage katantanwar yadda aka zata ba. Idan kifin da aka halitta da kayan aikin ya yi sakaci da aikin saboda ya samu abinci mai sauƙi, me ake tsammani daga botiya a tankin da abinci ke zube ko'ina?

Wani kuma zai ce akwai ƙananan botiya da ba sa girma haka. Wannan magana tana da ƙarfi, kuma ban ƙi ta ba. Botia striata na yammacin Indiya bai cika wuce santimita 9 ba, Ambastaia sidthimunki na Tailan kuwa wajen santimita 6 ne. Wanda tankinsa ke da faɗi, ƙasansa yashi ne ko tsakuwa mai santsi, yana da hanyar riƙe iska idan wuta ta ɗauke, kuma yana son waɗannan kifaye don kansu har zai sayi garke ya ci gaba da kula da su bayan katantanwa ta ƙare, ya saya, cin katantanwar ya zame masa riba. Tambayar da nake so kowa ya yi wa kansa ita ce: da babu dodon koɗi ko ɗaya a tankin nan, zan sayi wannan kifi? In amsar a'a ce, a bar shi a shago. Kuma mai kiwon ƙananan jatan lande na ado ya sani cewa bakin da ke cin katantanwa ba zai ƙyale su ba.

Maganin ruwa da ake ɗigawa ya fi duka haɗari. Yawancinsa na ɗauke da sinadarin jan ƙarfe, wanda ke kashe jatan lande, yana cutar da wasu kifaye, yana kuma maƙalewa a tsakuwa. Ɗaruruwan katantanwa su mutu rana ɗaya su ruɓe a inda hannu ba ya kaiwa, amoniya ta tashi, a wayi gari kifayen da ake ƙoƙarin gyara wa gida sun mutu.

Abin da ke aiki ba shi da tsada, haƙuri kawai yake so. A ba kifi abin da zai cinye cikin minti 2, sau ɗaya ko biyu a rana, kuma mutum ɗaya ya riƙe ciyarwar a gidan. Kowane mako a zuƙe dattin cikin tsakuwa da tiyo, a sauya kamar kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan, a tsinke matattun ganye, a kankare dunƙulen ƙwai daga gilashi, a rage fitila zuwa sa'a 8. Da dare a nutsar da yankan kokwamba ko ganyen latas da aka ɗan tsoma a ruwan zafi, da asuba a ɗago shi da duk abin da ya taru a kai. A maimaita kwanaki a jere. Wanda ke son mafarauci duk da haka, akwai katantanwa mai cin 'yan uwanta, Anentome helena ta kudu maso gabashin Asiya, wadda ba ta haihuwa sai da namiji da mace, tana saka ƙwai ɗaiɗai, ba ta kuma taɓa kifi. Sabon tsiro kuwa a killace shi a bokiti daban na mako uku ko huɗu, duk ƙwan da ke jikinsa ya ƙyanƙyashe a can.

A ƙasashenmu maganar tsiro ta wuce ado, ta shafi lafiyar iyali. Wasu suna tsinko ciyawar ruwa daga dam ko kududdufi ko magudanar noman rani su sa a tanki don sauƙin kuɗi. A irin waɗannan ruwaye ne katantanwar Bulinus take, mai ɗaukar ƙwayar tsargiyar fitsarin jini, da Biomphalaria mai ɗaukar ta hanji, kuma Najeriya na cikin ƙasashen da cutar ta fi yawa a duniya. Bulinus tana kama da Physella ƙwarai, dukansu bakin ɓawonsu ta hagu yake buɗewa, wanda ba gwani ba ba zai bambance su ba. Katantanwar da aka haifa a cikin tanki ba ta ɗauke da cutar, domin sai ƙwan tsutsar daga fitsari ko bayan gidan mai cutar ya shiga ruwa kafin ta kamu. Wadda aka ɗebo daga rafi kuwa tana iya zuwa da ita, ta riƙa sakin tsutsotsin da ke huda fatar duk wanda ya tsoma hannu, yara kuma su ne masu son tsoma hannu. Babu kifin da zai tsare wannan ƙofa, rashin ɗebowar ne kawai ke tsare ta.

Ƙofar fita ma tana bukatar tsaro, domin kifin da aka saya a matsayin magani shi ne wanda aka fi gajiya da shi, a rasa inda za a kai shi sai rafi. A Amurka an yi amfani da wani babban kifin Sin mai cin katantanwa, Mylopharyngodon piceus, a gonakin kifi. Ambaliya ta fitar da wasu a jihar Mizuri a 1994, yanzu yana cikin kogin Misisipi yana barazana ga halittu masu ɓawo na asalin wurin, har gwamnati ta sa shi a jerin dabbobi masu cutarwa a 2007. Babbar katantanwar Pomacea ta Kudancin Amurka, mai jajayen ƙwai, wadda aka daɗe ana sayarwa don ado, ta ɓarke a gonakin shinkafa na bakin kogin Ebro a Sifen har Tarayyar Turai ta haramta shigo da ita a 2012, kuma a 2020 aka tabbatar da ɓullarta a gonakin shinkafa na Mwea a Kenya. Mu da shinkafarmu ta dogara da fadama da madatsun ruwa, ba mu da halin ɗaukar wannan kasada. Don Allah, katantanwar da ka kwashe daga tanki ka murƙushe ta ko ka shanya ta a rana ta bushe kafin ka zubar, ruwan da ka sauya ka ba shukokin gida, kifin da ya fi ƙarfinka kuma ka mayar wa mai shago ko ka ba wanda ke da tankin da zai ishe shi.