Ahmed Musa, Ɗan Ƙwallon da Ya Tafi Ƙasashen Turai

Yara, ba wanda bai san tamaula ba a cikinku. Wani da lemon tsami ya fara, wani da tsumma da aka cusa cikin tsohuwar safa. A wurinku wasa ce ta yamma in an tashi daga makaranta. Amma akwai waɗansu mutane da ita ce sana'arsu, da ita suke ci, da ita suke sha, kamar yadda maƙeri ya dogara ga maƙerarsa. Ga labarin ɗaya daga cikinsu, ana ce da shi Ahmed Musa.

An haife shi a Jos ran 14 ga Oktoba, 1992. Ba shi da wani girman jiki, amma Allah ya ba shi gudu. In ya ɗauki ƙwallo ya zura, sai dai a bi ƙurarsa da kallo. Tun yana yaro ƙungiyar Kano Pillars ta ɗauke shi. A kakar wasan da ta ƙare cikin 2010 ya ci ƙwallo 18, ba wanda ya kai shi a Nijeriya duka a wannan shekara.

Labarinsa ya kai ƙasar Holan, wata ƙungiya ta garin Venlo, kusa da iyakar Jamus, ta nemi ya zo. To, amma akwai doka. Hukumar ƙwallo ta duniya ta hana a ɗauki yaro daga ƙasarsu a kai shi wata ƙasa wasa, sai ya cika shekara 18. Dokar nan tana da kyau, don da yawa akan yaudari yara a raba su da iyayensu, in ba su yi abin kirki ba a watsar da su a ƙasar da ba su san kowa ba. Saboda haka Ahmed ya dakata har watan Oktoba na 2010, sa'an nan ya soma wasa.

Bai yi shekara biyu ba a Holan sai CSKA, wata babbar ƙungiya ta birnin Masko a ƙasar Rasha, ta saye shi a farkon 2012. Kada ku ji an ce an saye shi ku zaci kamar yadda ake sayen akuya ne a kasuwa. Kowane ɗan wasa yana da yarjejeniya da ƙungiyarsa, ta shekaru kaza. In wata ƙungiya tana son sa kafin wa'adin ya cika, sai ta biya ta farko kuɗi don ta sake shi, shi kuma sai ya yarda.

Ku da kuke kukan sanyi in hunturu ya shigo, me za ku ce da Masko? Can ruwan kogi ma daskarewa yake yi, ƙanƙara ta rufe tituna fari fat, rana ta faɗi tun la'asar. Saboda tsananin sanyi akan dakatar da gasar ƙasar wajen wata uku, daga Disamba. Ga harshe baƙo, har baƙaƙen rubutunsu dabam suke da na boko, ga abinci ba irin na gida ba. Duk da haka a nan ne Ahmed ya fi jin daɗin wasa. Sau uku ƙungiyarsa tana zama zakara a Rasha yana cikinta, a 2013 da 2014 da 2016.

Ɗan wasa ko yana wace ƙasa, in tasa ta kira shi yakan dawo. A 2013 yana cikin 'yan Nijeriya da suka ci kofin Afirka a ƙasar Afirka ta Kudu. A 2014 kuma aka je gasar kofin duniya a Barazil, aka haɗu da Ajantina. Minti uku da farawa Lionel Messi ya ci. Kafin mutanensa su gama murna Ahmed ya rama. Messi ya ƙara, da aka dawo daga hutu Ahmed ya sake ramawa. An cinye Nijeriya uku da biyu, amma kafin ranar nan ba ɗan Nijeriyan da ya taɓa cin biyu a wasa guda na kofin duniya.

Cikin 2016 Leicester City, wadda ta zama zakarar Ingila a shekarar, ta saye shi kan kuɗi fiye da fam miliyan 16. A lokacin ba ta taɓa sayen ɗan wasa da tsada haka ba. Kowa ya ce kakarsa ta yanke saƙa. Ashe ba haka abin zai zama ba. Wasan Ingila na ƙarfi ne, masu tsaron baya ba su ba mutum filin gudu, ga kuma Jamie Vardy ya riga ya kama gaba. Ƙwallo biyu kaɗai Ahmed ya ci a babbar gasar ƙasar. Cikin Fabrairu na 2017 aka sallami mai horar da su, wanda ya kawo shi, sai zamansa a gefen fili ya ƙaru. Albashinsa bai tsaya ba, amma ba abin da ya fi ci wa ɗan wasa rai kamar ya zauna yana kallo ana yi ba da shi ba. Kuma wanda ba ya wasa, ƙasarsa ma tana iya mantawa da shi.

Ga kofin duniya na 2018 ya matso. Sai ya koma CSKA a matsayin aro a watan Janairu, don ƙafarsa ta sake sabawa. Dabarar ta yi amfani, gasar ma kuwa a Rasha aka yi ta. Ran 22 ga Yuni, a birnin Volgograd, Nijeriya ta kara da Aisilan. Victor Moses ya bugo masa ƙwallo ta sama, ya tare ta da ƙafar dama, ya sheme ta cikin raga. Ta biyu kuwa ya tsere wa mai tsaron baya, ya kewaye mai tsaron gida, ya natsu, ya jefa. Aka tashi biyu da babu.

Daga nan ya tafi Al-Nassr ta birnin Riyad a Saudiyya, suka zama zakaru a 2019. Ya zo Kano Pillars na ɗan lokaci a 2021, ya wuce Turkiyya ya yi wasa a ƙungiyoyi biyu. Ya buga wa Nijeriya wasa fiye da 100. A 2024 ya sake dawowa Kano Pillars, ya sa rigar da ya fara bari yana ɗan shekara 17.

Tambayoyi

1. Don me Ahmed bai soma wasa nan da nan ba a Holan?
2. Mene ne ake nufi in an ce an sayi ɗan wasa?
3. Me ya sa ya koma Masko a 2018?
4. Ku nemo Holan da Rasha da Ingila da Turkiyya a taswira.